Mai rufe rijiya

Ɗazu ina cikin metro a Lyon na gani a waya wai guguwa ta taso a tekun Mexique, an fara kwashe masu haƙar mai. Gabana ya faɗi. Baba ya bar aikin nan tuntuni, amma jiki ba ya mantuwa.

Lokacin ina ajin CM1 a firamare, muna La Courneuve, a bene hawa na tara. Baba injiniya ne a kan platfom, gidan ƙarfen nan da ake kafawa tsakiyar teku ana jawo mai da gaz. Wata guda can, wata guda gida. Mahaifiyarshi, Kaka, ta zo daga Damagaram ta zauna da mu. Ba murhu a bene, sai ta ja kujera gaban gaz, ta kunna ƙasa-ƙasa ta ɗora shayi, ni da ƙanwata Hadiza mu baje a ƙasa. Bayan magariba ke nan.

Wata Talata Baba ya kira. Mama ta buɗe murya muka ji.

"Guguwa na tafe, an tsai da aiki. Elikofta na ta kwashe mutane. Mu shida za mu tsaya mu rufe rijiyoyin, sannan mu fito."

Mama ta ce, "Don me sai kai?" Layi ya yanke.

Da muka ci abinci Kaka ta kira ni. "Maigida, matso. Ga ta nan, ta taho da iska a bayanta."

Muka ce, "Ta shigo mu ji."

Wai wani gari ne mai rijiya ɗaya tak. Duk shekara Iska na zuwa neman wanda ya huda mata ƙasa. In gabas ta yi baƙi, tsuntsaye suka yi tsit, kowa ya ruga cikin duwatsu. Amma in aka bar rijiya buɗe, Iska za ta cika ta da ƙasa da mushe, gari ya mutu da ƙishi. Dole mutum guda ya tsaya ya jera itace bakwai a bakinta, ya shimfiɗa fatar bijimi, ya danne da dutse. Mutumin nan Tanko.

Daren farko Tanko ya jera itace biyu. Kaka ta kashe gaz.

Hadiza ta ce, "Sai me?"

"Sai barci. Gobe lakwal, akwai karatu."

"Ba ki ce ƙurunƙus ba!"

"Ta ƙare ne da zan ce?"

Laraba ba waya. A tele wani farin abu ke juyawa bisa teku kamar ana tuƙa tuwo. Tonton Isuhu mai taksi ya shigo yana faɗan kuɗin esansi, man mota, ya hau, tunda rijiyoyin can duk a rufe. Ya dubi fuskar Mama, ya haɗiye sauran maganar.

Daren nan itace biyu aka ƙara. Kowanne sai da Kaka ta faɗi sunan iccen, da inda aka sare shi, da wanda ya ari gatarin. Na ce, "Kaka, Tankon nan akwai nawa, Iska fa na zuwa."

"Kai da ba ka iya ɗaure takalmi ba, kai za ka koya mishi?"

Mama ta leƙo daga salon, ɗakin zama. "Inna, don Allah a sake wata."

"Wadda aka ɗauko ba a ajiye ta a hanya, ɗiyata."

Alhamis icce na biyar da na shida. Iska ta iso bakin gari, ta ɗage rufin rumbuna. Muryar Kaka ta yi ƙasa, tana jan tasbaha. A nan na gane wane ne Tanko. Ban ƙara cewa ta yi sauri ba.

Juma'a da safe waya ta yi ƙara. Baba ne, daga wani gari nesa da gaɓa. Elikofta na ƙarshe ya ɗauke su. Ya ce wata platfom kusa da tasu ta karkace, aiki kuwa sai bayan makonni. Da magariba Tanko ya sa icce na bakwai, ya danna dutse, ya zura da gudu. Hularshi kawai Iska ta samu. Ƙurunƙus.

Shekaru bayan rasuwar Kaka na je wani suna a Bobigny. Wata Hajiya 'yar Damagaram ta tara yara tana musu tatsuniya, sai ga Tanko. Minti biyar ta gama. Ya rufe rijiya, gari ya tsira, shi kuwa Iska ta binne shi a gefenta, ba a ga ko takalminshi ba.

Na ce, "Hajiya, ai ya tsere."

Ta ce, "A wane gari? Haka take tun kakanni."

Ashe dare uku Kaka na riƙe da ƙarshen a baki, tana jan icce ɗaya-ɗaya don kar ta kai wurin. Da ina ɗauka tatsuniyar jarumta ce. Yanzu abin da nake gani, duk inda aka ce "an kwashe kowa", akwai wanda ke can tukuna yana jera itace, kuma akwai uwarshi.

A jirgin komawa Lyon na kira Baba. Na ce, "Wa ya zaɓe ka ka tsaya ran nan?"

Ya ce, "Ba wanda ya zaɓe ni. Ni na san rijiyar."

"Kaka ta sani?"

"Ita na fara kira, kafin uwarka. Cewa ta yi in rufe da kyau."