Yaya Tela, Ka Tafi da Ƙafafunka Biyu

Daga Allah muke, gare Shi kuma makomarmu take. Ranar Laraba, goma sha ɗaya ga watan Mayu, Allah ya karɓi ran maƙwabcina na kasuwa, wanda babba da yaro ke kira Yaya Tela. Ni ne mai gyaran agogon da katako kawai ya raba shagona da nasa. Tun ranar nake son rubuta wannan, hannuna yana ƙi.

Yaya, ka san ban iya daɗin baki ba, kuma ba yau zan koya ba. Taurin kai gare ka, amma ban taɓa ganin mai tausayi irinka ba. Marayun layinmu kai kake ɗinka musu kayan makaranta, in uwarsu ta zo godiya ka ce ta matsa tana tare maka haske. Ranar da likita ya ce ina da ciwon sukari, na dawo na zauna jugum kamar an aiko mini da mutuwa. Ka leƙo ka ce, "Mai Agogo, barka da shigowa ƙungiya, ni ne shugaba." Kai ka koya mini huda yatsa in gwada jini ba tare da na runtse ido ba.

Naka ciwon ya daɗe har ya tsuke jijiyoyin jinin ƙafafunka. Kullum a sanyaye suke, tafinsu ba ya jin komai, in ka yi 'yar tafiya sai ka tsaya ka dafa bango. Likita ya ce a riƙa duba tafin ƙafar kowace rana. Ba ka iya sunkuyawa, idon uwargidanka ya yi rauni, sai aikin ya faɗo kaina. Da safe ka ɗora ƙafa kan benci, ni kuma in maƙala gilashin aikina a ido ina bin ta lungu-lungu, kana cewa in duba ko tana tafiya daidai da lokaci.

An hana ka zama ba takalmi, ka ce da takalmi keken ɗinki ba ya jin maganarka, tun kana saurayi da tafin ƙafa kake taka shi. Daɓen shagon tela kuwa ba ya rabo da fil da karyayyar allura. Wata safiya na ga wani abu yana ƙyalli a dundunniyarka ta dama. Guntun allura ne, ya shige har wurin ya kumbura, kai ko a jikinka.

Ciwon ya zama gyambo, ya ƙi warkewa, don jini ba ya isa wurin. Ina tsaye a bayanka likita ya ce in sukarin bai daidaita ba, za a yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Likitan ya ƙara da cewa, "Amma Baba, a shekarunka ba ma so ya sauka ƙasa sosai, faɗuwarsa ta fi hawansa saurin kisa. In ka yi allurar sukari, ka ci abinci." Rabin farko ka ɗauka, Yaya, sauran ka bar masa a ofis.

Daga nan hankalina bai sake kwanciya ba. Ka ɗauka duk yadda sukarin ya sauka, haka ƙafar take ƙara tsira. Kana yin allurarka kan kari, amma abincin da uwargida ke aikowa sai ka juye wa masu dako, kwano ya koma gida fes. Ka riƙa nuna mini na'urar gwaji kana murna kamar ɗan makaranta ya ci jarrabawa. Wani yammaci almakashi ya suɓuce maka, zufa ta jiƙa rigarka, hannunka yana karkarwa, kana kira na da sunan ƙanenka da ya daɗe da rasuwa. Da ƙyar na tura maka alawa a baki. Da ka dawo hayyacinka, maimakon godiya sai faɗa, wai na ɓata maka aiki. Na ce, "Haba Yaya, ƙafa kake tsaro ko rai?" Ka ce, "Tela ba ƙafa, me ya rage?" Wallahi ranar na ji haushinka, na kuma ji tsoro.

Na kai ƙararka wurin uwargida da autarka. Suka sa ka gaba, likita ya rage maka allura, ka yi alkawari, ka ma ɗan cika. To amma Larabar nan ce ranar da za a buɗe ciwon a yanke hukunci, kai kuma kana so likita ya ga sukarin a ƙasa. Ka yi allura, ka ce wa uwargida za ka karya a shago, ka zo ka hau keke ba ka ci komai ba. Ina zaune da hantsi ina jin ƙarar kekenka ta cikin katako, sai ta tsaya a tsakiyar ɗinki. Na kira, shiru. Na zagaya na same ka kife kan keke, yadi yana ƙarƙashin allura. Muka ruga asibiti, suka yi iya yinsu, zuciyarka ba ta ɗauka ba.

Bayan an rufe maka ido, ma'aikaciyar jinya ta warware bandejin a gabana. Nama ya ciko, bakin ciwon ya haɗe. Na fito na tarar da uwargida a baranda, an riga an gaya mata. Ta ɗago ta ce, "Mai Agogo, ƙafar fa?" Na ce, "Ta warke." Ta ce alhamdu lillahi, sannan kuka ya ƙwace mata.

Ina miƙa ta'aziyyata gare ta, da 'ya'yanka da jikokinka, da duk 'yan layinmu. Allah ya ba ku haƙuri, ya tsaya muku. Kai kuma Yaya, Allah ya jiƙanka, ya sa jinyar ta zama kaffara, ya haskaka kabarinka. Ranar tsallake siraɗi, Allah ya tabbatar da ƙafafun nan biyu da ka tafi da su. Amin.