Ranar da Ƙaro-Kaɗan Ta Hana Mijinta Ruwa

Ƙaro-Kaɗan 'yan layinsu suke ce mata, don duk wanda ya ce ya ƙoshi a gabanta amsar da zai ji ke nan. Ko mai gyaran famfo ya shigo gidan, sai ya fita yana sassauta bel. A wurinta ciwon kai yunwa ce, ɓacin rai yunwa ce, faɗuwa jarrabawa ma yunwa ce. Da wannan ilimin ta raini 'ya'yanta da na maƙwabta, ta kuma riƙe mijinta, tela, har furfura ta game masa kai.

Sai ga ciwon da ilimin nata bai ci ba. Ƙari ya fito wa tela a hanji, abin da ya haɗiya sai ya dawo, wandon da ya ɗinka wa kansa ya koma kamar na aro. Likita ya ce aiki za a yi. Nas ta ce kada ya ci, kada ya sha, sai an fito da shi. Ƙaro-Kaɗan ta ce to. Da gari ya waye ranar aikin ta ɗura masa shayi mai kauri da burodi, don ita dai ba ta ga yadda za a tura mutum gaban wuƙa ciki ba komai ba. Aka fasa aikin, aka ba wani majinyaci gurbinsa. Makonnin jira suka cinye ɗan naman da ya rage masa.

Da aka sake sa rana, nas ta zaunar da ita a kan benci.

"Mama, idan aka yi masa allurar barci, abin da ke cikinsa yana iya tasowa ya faɗa huhu. Ba mugunta muke yi ba. Kuma likita ya ce jikinsa ba zai ɗauki wani jiran ba."

Ranar aikin, aka kawo waɗanda suka yi hatsarin mota aka shiga da su tukuna. Hantsi ya wuce, fanka tana juya iska mai zafi, leɓen tela ya tsattsage duk da ƙarin ruwan da ke ɗiga a hannunsa.

"Ke, ko maƙurwa ɗaya."

"Malam, ka yi haƙuri."

"Kin shayar da garin nan kaf, sai ni?"

Ta tsoma audugar da nas ta ba ta a ruwa, ta matse, ta ƙara matsewa, sannan ta goga masa. Ya kai wa audugar cafka da baki, ta fizge. Hawaye na zuba mata, ta kau da kai kada su ma ya roƙa.

Ana haka sai ga yayarsa da kula a hannu, ƙamshi ya riga ta shigowa.

"Me zan gani? Ƙanina kamar tsinke! Matsa, ko romon ya sha."

"Yaya, an hana."

"Wa ya hana? Su za su yi masa ciwon?"

Ƙaro-Kaɗan ba ta taɓa musu da dangin miji ba, ba ta ma san ta inda ake farawa ba. Sai kawai ta karɓi kular hannu biyu kamar mai ladabi, ta ajiye a ƙasa, ta zauna a kai. Yaya ta yi salati, ta ja, ta tura. Ina! Mai gadon kusa ya yi dariya har ya dafe ɗinkin da aka yi masa a ciki.

A haka masu tura gado suka same su. Nas ta dubi tela.

"Baba, ka sa wani abu a baki?"

"Tambayi azzalumar can," ya ce, murya a dushe.

Nas ta ɗaga wa masu turawa hannu. Ƙaro-Kaɗan ta miƙe, ƙafa duk ta yi tsami, ta bi gadon tana ɗingishi, riƙe da babban yatsan ƙafarsa, har bakin ƙofar da ba a bari kowa ya wuce.