Mahamudu Mai Laima da Dutsen Wuta

Rubuta yadda na faɗa, Nafissa, kar ki gyara mini magana. Ina so a san Mahamudu, don mutane yanzu ba su tuna komai nasa sai yadda ya mutu.

Mutumin Tasawa ne. Teburin da yake kasa kaya na kusa da nawa a unguwar Fordham, nan Amurka, tun ba a haifi uwarki ba. In da ruwa ya sayar da laima, in da sanyi hula da safar hannu. Turancinsa bai wuce na ciniki ba. Wanda ya taya masa da wulaƙanci sai ya yi masa murmushi, ya zage shi da Hausa a hankali, mu kuwa mu yi ta dariya.

Hayaƙin bas da sanyin titi su suka ci ƙirjinsa. Asma ta kama shi. Likita ya ba shi ɗan abin nan da ake fesawa a baki, kullum yana aljihunsa. Sai dai in zai fesa sai ya sunkuya bayan tebur kamar mai sata. Ya ce namiji ba ya tallar ciwonsa.

'Yarsa ɗaya ce a nan, Muniratu. Ta auri Abdul-Jalil, ɗan Zangon Kumasi, amma a nan unguwar Park Hill ya girma, direban bas ne. Yaron kirki. Sai dai bai san irin kunyar surukai ta wajenmu ba. Mahamudu ba ya cin abinci gabansa, ba ya kiran sunansa, sai dai ya ce "mutumin gidan". In yaron ya zo gidan tsohon a unguwar Mount Hope gaisuwa, Mahamudu ya miƙe zaune, ya haɗiye tarinsa har a tashi. Ya kuma ja wa Muniratu kunne kada ta kai maganar ciwon gidan miji. Shi yaron sai ya ɗauka tsohon ba ya son sa, ya yi ta neman abin da zai faranta masa.

Shi ne ya shirya musu hutu, su uku, zuwa wani tsibiri can tsakiyar teku, wai duk ƙasar Amurka ce. Mahamudu bai taɓa hutu ba. Ya ce mini ba ya so, amma ba a mayar wa suruki kyautarsa. Na tsokane shi na ce ya kawo mini tsarabar kwakwa.

Abin da ya faru can, daga bakin Muniratu da mijinta na ji. A tsibirin akwai dutse mai aman wuta, ana ɗaukar baƙi a jirgi mai saukar ungulu su gani daga sama. Abdul-Jalil ya saya musu tikiti bai faɗa ba sai da safen, don ya zama abin mamaki. Ya zaɓi jirgin da aka cire wa ƙofofi, wai an fi gani. Muniratu na da ciki, ta zauna a otal. Ta tambayi uban a ɓoye ko abin fesawar na jikinsa, ya ce eh. Ashe da ya canja riga a gaban surukin, ya ji nauyin ciro shi daga tsohuwar rigar.

A filin jirgin wata ma'aikaciya ta tambaya ko akwai mai ciwon zuciya ko na numfashi, saboda iska kan juyo da hayaƙi. Abdul-Jalil ne ya fassara masa.

"Baba, wai ko kana da wani ciwo a ƙirji?"

"Lafiya lau," in ji shi.

Aka zaunar da yaron gaba kusa da matuƙi, tsohon a baya. Na ga hoton a waya. Ƙasa baƙa ƙirin kamar gindin tukunya, ga rami, wuta ja tana tafasa ciki, farin hayaƙi na tashi. Yaron ya ce warin kamar ruɓaɓɓen ƙwai. An sa musu abin magana a kunne da baki, da Mahamudu ya ce uffan kowa zai ji. Matuƙin ya tambaya ko kowa lafiya, Mahamudu ya ɗaga hannu alamar eh. Wata Baturiya da ke gefensa ce ta lura ya dafe wuya, kansa ya langaɓe. Kafin su juyo su sauka leɓensa ya canja launi. Ya kwana biyu a asibiti, inji na hura masa iska, bai farfaɗo ba.

Gawar ta daɗe a hanya. Muka yi masa sallah a masallacinmu, muka kai shi maƙabarta a New Jersey, ana yayyafi. Muniratu ba ta duban mijinta, shi ma ba ya duban kowa.

Bayan sadakar bakwai Abdul-Jalil ya same ni a tebur. Ya tsaya ya daɗe, masu saye na wucewa, sannan ya ce, "Baba, kai ka san yana da asma?"

Na ce duk wanda ke kasa kaya a layin nan ya sani.

Ya ce, "Ni kaɗai ke nan ban sani ba."

Na ba shi kujerata ya zauna.