Askin Jikan Wanzami

Ku da kuke tambayata yadda kakanku ya tafi, to, ku gyara zama. Bakina ya saba da tatsuniya, amma wannan da idona na gan ta.

Wanzami ne, ɗan wanzami. A Matameye, tun Nasara na mulki, babu jaririn unguwarmu da ba askarsa ce ta fara taɓa kansa ba. Ya san jini kamar yadda na san dawo. Sai ga nasa jinin ya juya masa baya. Da fari ɗigo-ɗigo ne ja a ƙwaurinsa, kamar cizon ƙuma. Daga nan sai baƙaƙen tabo inda ba abin da ya buge shi. In ya ci goro, dasashinsa ya yi ta tsiyaya har la'asar. Ƙanensa, shi ma wanzami, ya ce mataccen jini ne, ya kafa masa ƙaho. Ƴar tsagar nan da ya yi masa a baya, sai da ta jiƙa zanena jagab.

Muka hau motar gyaɗa zuwa Damagaram. Lokotoro ya ɗibi jininsa ya duba, tafinta ya juya mana magana. Ya ce a cikin jini akwai waɗansu ƴan abubuwa masu toshe bakin rauni, to nasa sun yi ƙaranci, saifarsa ce ke cinye su. Hanya biyu ce. Ko a tsaga ciki a cire saifar, wani ya tashi sarai, wani ya tafi a wurin. Ko ya sha wata sabuwar ƙwaya mai riƙe jinin muddin ana shanta, amma tana kumbura fuska, tana kashe jiki, kuma ba a barinta farat ɗaya.

Muka zauna a inuwar katanga muna juya zancen. Ni na ce a cire, a huta. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

"Jinin da bai tsaya wa ƙaho ba," in ji shi, "shi zai tsaya wa wuƙa?"

Ya zaɓi ƙwaya. Jini kuwa ya tsaya. Fuskarsa ta yi fam kamar faifai, maƙwabta suna yi mana barka wai jiki ya yi kyau. Sai dai hannun ya soma rawa. Ranar kasuwa wani ya zauna masa aski, da ya ga askar na kaɗawa sai ya tuna wai bai ɗaure jakinsa ba. Tun daga ranar zabirarsa ta koma rataye a ɗaki.

Da damina ta faɗi, cikin matar ɗanmu ya tsufa. A gidan su kakanku, kaka shi ke yi wa jika askin suna. Kakansa ya yi masa, ubansa ya yi wa ɗanmu. Ƙanen ya ce zai karɓe shi wannan karon. Washegari na kai wa kakanku ƙwaya da ruwa, ya ture kwanon. Na tuna masa kashedin tafinta, na yi roƙo, na yi kuka, har na turo masa liman. Ya ce in an sha suna zai koma mata.

Ranar suna hannun nan ya tsaya cak. Ya wasa aska, ya karɓi yaron, yayanku na fari ke nan, ya ɗora shi a cinya.

"Zo nan, kai mai ƙwace min mata," ya ce masa. "Bari in aske ka tas, mu ga ko za ta so ka."

Mata suka yi guɗa. Ko ƙwarzane babu a kan yaron. Na daɗe ban ga haƙoransa a waje kamar ranar ba, sai dai ni kaɗai na lura da jan da ke tsakaninsu.

Ya cika alkawari, ya koma wa ƙwayar, amma ba ta ƙara jin kiransa ba. Haɓo ya ɓalle, muka toshe da auduga, ya biyo ta baki. Sai ciwon kai, wanda ya sa shi riƙe kansa da hannu biyu. Ruwa ya cinye hanya, babu motar da ke zuwa Damagaram. Ɗanmu ya tafi neman raƙumi, kafin ya dawo an gama.

Ina cikin takaba gashin yaron ya sake tsirowa, baƙi wuluk, mai laushi. Uwarsa ta tsaya a bakin ƙofata da shi a goye, tana tambayata wa za a kai wa ya aske shi. Na ce ta bar shi tukuna.