Mai Tarar Ruwan Hannu

A bakin kasuwar garin Leogane, inda masu agaji suka kafa bokitin wanke hannu saboda korona, Rosemène mai gawayi tana ta hararar wani dattijo. Rigarsa fes, takalminsa ɗaure da igiya. Roba yake tarawa ƙarƙashin famfon bokitin, ruwan hannun kowa na zuba ciki, yana ɗurawa a jarka.

Ita dai ta san da irin wannan ruwa ake kashe wa mutum kasuwa.

"Baba, wane boka ya aiko ka?" ta ce.

"'Yata, unguwarmu babu ruwa. Wannan har da sabulunsa, wanki nake yi."

Ta sake duban rigar, ta taɓe baki. Ta wuce ba ta wanke hannu ba, kada gawayi ya ɓata masa ruwan wanki, baƙaƙen hannuwanta ɓoye a hammata.