Rigar Auren Remelyn

A ƙauyenmu na bakin teku a tsibirin Bohol, duk amaryar da ta shiga coci cikin shekara talatin ɗin nan, daga keken ɗinkin Manang Serya rigarta ta fito. Manang a wurinmu yaya ke nan. Gliceria ne sunanta na baftisma, amma ko fada, limamin cocinmu, ba ya kiranta da shi. Shinge ɗaya ya raba gidajenmu, don haka na san ta ciki da bai. Mace ce mai hannu, mai alheri, kuma mai kishin tsiya. Kishin nata ba a kan namiji ba ne, don ba ta taɓa aure ba. A kan 'yar riƙonta ne.

A wurinmu amarya ba ta gwada rigar aurenta kafin ranar, in ta gwada an ce auren ba zai yiwu ba. Shi ya sa idon maɗinkiya ya fi abin awonta daraja. Serya takan auna yarinya sau ɗaya, ta sa ta yi tafiya zuwa ƙofa ta dawo, shi ke nan. Ta san wadda fargaba za ta ramar kafin biki, ta san wadda za ta ciko, ta san wadda ke ɓoye cikin wata uku, sai ta bar mata wuri a ƙugu ba tare da ta ce uffan ba. Ba a taɓa jin rigarta ta ba amarya kunya ba.

Tana da ƙanwa, Teodosia, wadda muke kira Dosing. Da teku ta cinye mijin Dosing, sai ta ajiye 'yarta Remelyn mai shekara uku a gindin keken yayarta, ta tafi aikatau Hong Kong. Shekara goma sha tara tana renon 'ya'yan wasu, tana zuwa gida mako biyu a shekara biyu. Serya ce ta yi jinyar ƙyanda, ita ta cire ƙwarƙwata, ita ta je makaranta ta yi wa malami tatas ranar da ya mari yarinyar. Amma da zarar kwalin kaya ya iso daga Hong Kong, Remelyn za ta yi ta tsalle tana nuna wa maƙwabta takalmin da Mama ta aiko. Serya kuwa sai ta juya rigunan ciki waje tana neman inda ɗinki ya karkace. Kullum sai ta samu, ko da babu.

Da aka sa ranar Remelyn da Dionisio, wani mai gyaran injin kwale-kwale, Serya ta fito da leshin da ta daɗe tana ɓoyo ta fara yanka. Ta kai rabi ke nan Dosing ta bugo waya, ta ce kada Manang ta wahalar da kanta, ta riga ta sayi rigar amarya a wani babban kanti, kuma ita za ta riƙo 'yarta zuwa gaban bagade. Ranar ko abinci Serya ba ta ci ba. Na ce mata ai uwa uwa ce. Ta yi mini wani kallo, na tattara bakina na koma gida.

Saura kwana biyar Dosing ta iso da rigar a cikin jaka mai zif. Unguwa ta taru kallo. Gaskiya riga ta haɗu, duwatsu sai ƙyalli suke. Serya ta ɗaga ta a kafaɗu, ta dube ta, ta dubi Remelyn, ta ce ta yi kyau. A nan na san da matsala, don tunda nake ban taɓa jin ta yabi ɗinkin wani ba.

Na ritsa ta a bakin famfo, na ce ta gaya mini gaskiya.

“Yatsa uku-uku ta gaza a kowane gefe,” in ji ta. “Ko da addu'a ba za ta rufu ba.”

“To ki faɗa mana, Manang, tun da sauran lokaci.”

“Uwar yarinya ce ta saya. Ni a su wa?”

Na ce mata wannan mugunta ce, ta ce in je in kai ƙara. Ban kai ba, kuma laifina ke nan. Kullum da rana takan rufe ƙofa, sai ƙarar keke kake ji. Tata rigar take ƙarasawa. Har ta goge ta ta rataye a bayan labule, tana jiran ranar da ƙanwarta za ta ji kunya a zo a roƙe ta.

Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Da safiyar Asabar, ranar auren, muna bayan gida ni da Serya muna duba tukwanen shinkafa, maza na juya alade a kan garwashi, sai ga Dosing ta fito fuska ba jini, ta ce Manang ta zo. Serya ta wanke hannu a tsanake, ta goge yatsa ɗaya-ɗaya. Na bi ta. Remelyn na tsaye a tsakiyar ɗaki, bayan riga a wangale, ƙawaye biyu sun ja zif har ya fara yagewa. Saura awa ɗaya da rabi a kaɗa ƙararrawa.

Serya ta je ta ɗauko tata ta shimfiɗa a kan gado. Ko makaho ya shafa ya san wannan don jikin Remelyn aka yi ta. Na ga daɗi ƙarara a fuskar Serya, daɗin da bai dace da mai zuwa coci kullum ba. Remelyn ta dubi rigar. Sannan ta kama hannun Serya, wadda take kira Tiya, wato 'yar'uwar uwa, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

“Tiya, gyara mini wannan ɗin. In na sa taki, Mama ba za ta iya ɗaga kai a garin nan ba. Ke kaɗai za ki iya.”

Na zaci Serya za ta faɗi. Ta nemi farin yadin da zai dace a ƙara, babu shi a gidan sai a jikin tata rigar. Ta ɗauki almakashi ta tsaga aikinta da hannunta, ta yanko falle biyu daga gaban siket ɗin, inda leshin ya fi kyau. Ta farke rigar Hong Kong daga hamata zuwa ƙugu, ta hau keke. Ba ta sake auna yarinyar ba. Da aka ja zif, ya haye sumul.

A coci Dosing ce ta riƙo amarya, mutane na ta waiwaye. Aka kunna kyandir, aka lulluɓa wa ango da amarya farin mayafi, aka zagaya musu igiya a kafaɗu, fada ya sa albarka. Serya na benci na uku kusa da ni, da zare maƙale a gashinta, ta cika ta yi fam. Ko waƙa ɗaya ba ta buɗe baki ta yi ba.

Wurin walima abin ya fi ciwo. Mata suka kewaye Dosing suna cewa kayan waje daban ne, matar shugaban unguwa har da shafa gefen rigar tana cewa irin wannan leshin ba a samunsa a nan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da aka fara rawar da ake maƙala wa amarya takardun kuɗi da fil, Serya ta ga ana huda mata leshi, sai ta tashi ta koma wajen tukwane. Na kai mata nama da kofin bammin kwakwa, ta ce ba ta jin yunwa.

Muna nan Dosing ta zo, ta cire takalmanta masu tsini ta riƙe a hannu. Ta tambayi yayarta ko tun ranar farko ta san rigar ba za ta shiga ba. Serya ta ce ta sani. Ta tambaye ta me ya hana ta faɗa. Serya ta ce so ta yi Dosing ta ji kunya.

“Na ji, Manang,” in ji Dosing. “Da hoto na auna ta. Na san lambar takalmin 'ya'yan uwar ɗakina su uku, ban san faɗin bayan 'yata ba. Ke kina kishina don na riƙo hannunta minti biyu? Da zif ɗin ya ƙi, ina tsaye a gabanta da fil a baki, ta ture hannuna ta ce, ‘A kira mini uwata.’ Ni na fito na kira ki.”

Na ɗauka za su rungumi juna, har na fara neman bakin zanina don share hawaye. Serya ba ta motsa ba. Ta ajiye ludayin da ke hannunta, ta dubi ƙanwarta ido cikin ido.

“Me ta ce? Sake faɗa mini.”

Dosing ta sake faɗa mata, tana kuka.