Buhunan leda a bayan ɗakin Inna

Shekarar da katafila ta cinye Zango, gidanmu bai faɗi tare da na mutane ba. An ce layinmu sai bayan damina. Muka saura 'yan gidaje a kan tudu, kewaye da fili da tarin ƙasar ɗakunan maƙwabta. In aka yi ruwa filin ya cika, sai mu zama tsibiri a tsakiyar Wagadugu.

Matan da ke kwasar shara da amalanken jaki suka daina zuwa. Ban ga laifinsu ba, jaki ba kifi ba ne. Muka kasa shararmu da kanmu. Ɓawon doya da kwanan tuwo na tumaki ne. Toka da kashin tumaki masu lambun Tanghin ke zuwa da keke su ɗauka. Gwangwani na maƙera. Leda ce ba ta da mai so. Mun gwada ƙonawa, hayaƙin ya hana Innata numfashi. Sai muka koma cusa ta a tsofaffin buhunan shinkafa, muna tarawa a zaure.

Inna ɓarin jikinta ya shanye, ba ta tashi daga gado. Ɗakinta ginin ƙasa ne, bayansa na kallon fili.

Hajiya mai atamfa, maƙwabciyarmu, ita ta kawo shawara. Ta ce a Kano ta ga ana tare ruwa da buhuna. Buhuna kuwa muna da su. Muka jera su a gindin bangon Inna, muka ɗora musu gutsattsarin bulo, muna murna shara ta sami aiki. Ba wanda ya tambayi abin da ke cikin buhunan Kano.

Ruwan ya sauko da hantsi, maza duk suna kasuwa. Kafin in kwashe garwashi filin ya cika. Na leƙa ta katanga, na ga buhunanmu sun zubar da bulo, suna tafiya a jere kamar agwagi.

Hanyar ruwa ɗaya ce ta rage mana, kwalbatin da ke ƙarƙashin tsohon titi. Can suka nufa, can suka toshe. Ruwa ya rasa mafita, ya juyo kanmu.

Na shiga ɗakin Inna na dafa bango. Sanyi. Gindinsa ya yi baƙi, ƙasa na zubowa a kan tabarma.

"Inna, zan goya ki."

"Ki kai ni ina? Tsakar gida ma kogi ce. Ki ajiye ni a kan turmi?"

Gaskiyarta. Ɗakinta ya fi kowane ɗaki tudu.

Na kwance igiyar guga, na ɗauki laujen da nake yanko wa tumaki ciyawa, na ƙwala wa Hajiya kira. Ta fito da tasa kife a ka.

"'Yar nan, kin haukace? Ki jira maza!"

"Bangon ba zai jira su ba. Taho, Hajiya. Buhunanki ne."

"Nawa? Wa ya yi ta tafa min hannu ranar?"

Amma ta taho. Muka bi tudun kangaye har bakin titi. Na ɗaura igiya a ƙugu, Hajiya ta naɗe ɗaya bakin a jikin bishiyar dogon yaro ta riƙe. Na sauka. Ruwan ya kawo min ƙirji. Ƙarƙashi duk fasassun kwalabe ne da langa-langa, abu ya yanke ni a dunduniya, ban duba ba.

Ban yarda lauje ya farka buhu ba. In leda ta watse cikin kwalbati, sai dai a fasa titi. Ina saƙala shi a bakin ɗauri, in ja, in turo buhun sama. Wani ya fito, wani ya maye gurbinsa. Daga wajen gidajenmu na ji abu ya faɗa ruwa, tim.

"Hajiya, na wa ne?"

"Ki yi aikinki!"

"Ɗakin Inna ne?"

"Na ce ki yi aikinki, ban ga komai ba!"

Buhun ƙarshe ya shige ciki ya cije. Na nutsa, na lalubo shi da hannu, na taka gefen siminti na fizgo. Kwalbatin ya buɗe baki ya ja ni. Ƙafafuna suka shige, igiya ta shaƙe min ciki, na sha ruwan da ban son tunawa. Hajiya ta zauna daɓas a cikin laka, ta tokare bishiya da ƙafa, tana ja tana salati tana zagina, har na kama gaɓa.

Da na sami numfashi na ce, "Yau ƙibarki ta yi rana."

"Allah ya shirye ki. Tashi ki je."

Na ruga ina ɗingishi. Madafa ce ta faɗi. Bangon Inna na tsaye, sai dai ruwa ya ci gindinsa har ana hango haske ta ƙarƙashin gado. Layin jiƙa ya tsaya, ruwan na ja da baya.

Inna ta dube ni daga sama har ƙasa. Ta ce, "Kin ɓata min tabarma da jini."

Da la'asar muka zazzage buhunan, muka cika su da ƙasar ɗakunan waɗanda suka tashi, muka toshe gindin bangon. Ledar muka ƙulle a tsohon gidan sauro, muka rataye a azarar zaure, inda ruwa ba ya kaiwa.